Ƙafar da Aka Ɗora wa Laifi

Yayana mai gyaran famfo ne. In bututu ya fashe a unguwarmu ko tanki ya ƙi cika, shi ake nema, kuma ba mai kiransa da sunansa na yanka. Agwagwa ake ce masa tun yana firamare, domin tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake, babu wannan 'yar loɓawar da ke tsakiyar ƙafar kowa. In ya fito daga wanka ya taka siminti, sawunsa kamar an kife faranti. A wurin Innarmu ya gado ta. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ko kan famfo ya saya ya ga jabu ne, da bakinsa zai gaya wa mai gida. Duk da haka ya taɓa yin ƙarya guda ɗaya, ya riƙe ta shekara da shekaru, kuma Inna ce ta ɗauki nauyinta.

Babanmu wanki da guga yake yi a wani ɗan shago kusa da barikin soja. Rayuwarsa kaf a kan kakin mutane ta ƙare: ya jiƙa, ya sa sitaci, ya hura gawayi a dutsen guga, ya fitar da karin wando har sai ya tsaya cak. Burinsa ɗaya a duniya, wata rana ya goge kakin ɗansa. Ya faɗa wa duk wani kofur da saje da ke kawo masa wanki, har sun fara tambayar yaushe yaron zai shigo soja.

Amma akwai abin da ba a faɗa a gidanmu. Baba yana da asma, Yaya ma haka. Baba bai taɓa yarda da sunan ba. Shi a wurinsa mura ce, ko hayaƙin gawayi. Abin shaƙar maganinsa a bayan rediyo yake ɓoye shi, sai ka ce kayan sata. Da lokacin ɗaukar soja ya zo, ya zaunar da Yaya ya ja masa kunne cewa ko da wasa kada ya ambaci ƙirji, ya bar abin shaƙar a gida, in an tambaye shi ya ce lafiyarsa garau. Ƙafar ce kawai ake fargaba, ita da ba ta ɓoyuwa. Watanni Yaya ya yi yana murza kwalba a ƙarƙashin tafinsa, yana tsince duwatsu da yatsun ƙafa, ni kuwa ina gefe ina masa dariya.

Ya tafi, ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da jakarsa. Baba yana tsakar gida yana cin abinci. Yaya ya durƙusa, bai ɗaga kai ba, ya ce an mayar da shi.

"Ƙafar ce?" in ji Baba.

Yaya ya ce, "Ita ce."

Baba ya ture kwanon, ya dubi ƙafafun Inna da ke miƙe a kan tabarma. Ni na ga lokacin da ta janye su ta rufe da zane.

Daga nan abin ya zama waƙa a bakinsa. Baba ba mugu ba ne, amma ya iya raha mai yanka. In baƙi sun zo aka tambayi labarin soja, sai ya ce ai yaron ya ci gudu, ya ci tsayi, ƙafar gidan su uwarsa ce ta kayar da shi. A yi dariya, Inna ma ta yi, sannan ta tashi wai za ta duba tukunya. Ta daina zama da ƙafa a buɗe. Ko zafi ake kamar me, da safa za ka gan ta, matar da a da ko takalmi ba ta damu da shi ba a tsakar gida. Ni abin yana ƙona mini rai, na sha mayar wa Baba magana har a ce ba ni da kunya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Yaya. Da zarar an fara, sai ya ɗauki jakar sifanarsa ya fice. Na ɗauka baƙin cikin kakin ne ke korarsa, har na ce masa ragon namiji.

Ya koyi gyaran famfo a wurin wani maƙwabcinmu, ya ƙware, ya yi aure, ya haihu. Aikin ya dace da shi, don rabin ranarsa a durƙushe yake ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ba mai ganin fuskarsa. Hanyar bariki kuwa ya daina binta, ko da ita ce mafi kusa.

Bara jikin Baba ya yi tsanani. Ya bar shagon, kullum yana ɗaki jingine da matashi, numfashinsa na fita da ƙyar. Ita ma Inna ƙafafunta suka fara kumbura saboda tsayuwar jinya. Wata rana da hantsi na je gidan na tarar da Yaya ya zo gyara famfon tsakar gida, ya gama, ya tari ruwan ɗumi a roba ya ce lallai sai ta tsoma ƙafarta. Da ƙyar ta yarda ta cire safar. Yana durƙushe yana danna mata idon sawu, ita tana kallon tsakiyar kansa inda furfura ta fara fitowa.

"Ka yafe mini," ta ce. "Da ban ba ka wannan ƙafa ba, da yanzu kai ma wani ne."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan.  Sannan ya fara magana, a hankali, kansa a ƙasa, kuma a nan ni ma na fara jin labarin.

Ashe ƙafar ta wuce gwajin. An sa su tsoma ƙafa a ruwa su taka siminti, sawunsa ya fito yadda muka san shi, samari suka kwashe da dariya. Likitan da ke duba su ya sa shi ya yi ɗage a kan yatsu, ya yi tsalle, ya tambaye shi ko tana masa ciwo in ya yi tafiya mai nisa. Ya ce ba ta yi. Likitan ya ce to shi ba shi da matsala da ita. Daga nan ya tambaye shi, cikin mutunci, ko akwai wani ciwo da yake shan magani a kansa. Da safiyar ranar, a wurin gudu, wani yaro ya faɗi a gabansa yana kokawa da numfashi, kuma Yaya ya san wannan ƙarar, a ƙirjinsa yake kwana da ita. Ya dubi likitan ya kasa yi masa ƙarya. Da bakinsa ya ce yana da asma. A hanyar dawowa ya rasa yadda zai gaya wa Baba cewa ya karya umarninsa, kuma ciwon da Baban ya ba shi ne ya rufe ƙofar. Da Baba ya miƙo masa ƙafa a matsayin dalili, sai ya karɓa.

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa," ya ce. "Inna, kunya ce ta hana ni. Yanzu zan shiga in gaya masa."

Ni kam na so ya shiga. Raina ya ɓaci, na so a tara duk baƙin da suka taɓa yin dariya a faɗa a gabansu. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta fitar da ƙafarta daga robar, ta juya ta tana kallo kamar ta wani ce. Daga ɗaki muna jin Baba yana jan numfashi.

Yaya ya yunƙura zai tashi, ta riƙe masa hannun riga.

"Zauna. Mutumin da ke neman numfashi za ka gaya wa ƙirjinsa ne ya hana ɗansa kaki? Bar laifin a kan ƙafata, na riga na saba."

Ya koma ya durƙusa. Baba ya kira ta daga ciki, ta amsa, ta tashi ta tafi, ta bar shi a gaban robar.