Gwangwanin Sardin Da Baba Yake Magana Da Shi

Shekarun baya, lokacin ban ko fara tsiron gashin baki ba, na yi wata wauta da wani ɗan akwati wanda na ɗauka injin ƙara sauti ne. Har yau 'yan fadarmu, samarin da muke zaman hira tare, suna tsokanata da ita, ina taya su dariya, amma ban taɓa ba su ƙarshen labarin ba.

Mahaifina haya yake bayarwa ta lasifika. Suna, ɗaurin aure, wa'azi, daga Matameye har Dawce da Tsauni, shi ake nema. Shi kansa kuma bai buƙatar lasifika. In ya ce a kawo masa buta, wallahi sai ka ga wani can garin Ɗan Barto ya miƙe yana neman buta. To wannan mutum ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Aka dawo da shi daga asibitin Damagaram, hannun hagu kaɗai ke motsi, magana kuwa ta tafi gaba ɗaya.

Aka sayar da kayan aikinsa, aka bar ampili ɗaya, wato injin ƙara sauti, da lasifika biyu a ɗakinsa domin ya riƙa jin rediyo. Sai dai ampilin na filin taro ne, ba shi da wurin rage murya. Ranar da muka haɗa shi da rediyo, mai karanta labarai ya yi sallama, kajin gidanmu suka yi hijira.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana gyaran rediyo a bakin kasuwa. Shi ya zo da gwangwanin kifin sardin da ya huda ya ɗora masa buton guda na murɗawa, da ramin shigar waya da na fita. Ya sa shi tsakanin rediyo da ampili.

Na ce, "Kawu, ina wurin batir?"

"Ba ya cin batir, ba ya cin wuta. Ko ruwa ya zube masa ba zai ja babanka ba. Kai ne dai nake tsoro, ba ruwa ba."

Da farko ya sa doguwar waya don ta kai gado, sai muryar ta fito a toshe kamar mai magana cikin tulu. Ya ce irin wannan akwati ba ya son tazara. Sai muka ja ampilin har ƙarƙashin gado, aka sa gajeriyar waya, gwangwanin ya zauna daidai hannun hagun Baba.

Ba wanda ya tsara abin da ya biyo baya. A hankali dai muka gane cewa in rediyo ya yi sama ƙwarai, Baba na kira. In ka shiga ya murɗa har muryar ta ɗauke, yana nufin faɗi, ina jinka. In ya ɗaga kaɗan, ka gama, tashi ka ba shi wuri. Ni na fi kowa samun wannan na ƙarshe. Inna ta samu sauƙi, tana iya aikinta a tsakar gida, kunnenta na ɗakin.

Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne: Baba ya taɓa gwangwani, kwanon rufi ya yi rawa. Na yanke hukunci cewa duk ƙarfin yana cikin gwangwanin nan.

Kashegarin Babbar Sallah, 'yan fadar layin bayanmu suka kunna kiɗa ya danne namu. Mu ɗan lasifika gare mu, mai kuka kamar sauro. Na bugi ƙirji na ce ina da maganinsu a gida. Bayan azahar na leƙa, Baba na barci, rediyo a ƙasa-ƙasa, Inna da maƙwabta suna suyar nama a tsakar gida. Na kashe ampilin, na zare gwangwanin, na cusa a aljihu. Yanzu zan dawo, in ji ni.

A fada na haɗa shi tsakanin salular abokina da lasifikarmu, na ce kowa ya toshe kunne. Har da ja da baya. Na murɗa har ƙarshe. Sauron nan dai, yadda yake. Na murɗa baya, sauron ya mutu.

Abokina ya ce, "Injiniya, to ai wannan na kashe kiɗa ne. Ko su ka yi wa aiki?"

Wani ya ce, "Ku bar shi, ƙila sai an mayar da kifin ciki."

Da na tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma na zauna ina juya wayoyi, ina rantsuwa cewa salular ce ba ta da kyau, har aka kira la'asar.

Da na shiga gida ba kowa a bakin murhu, nama na ƙonewa. A ɗaki na tarar da Inna da kawuna suna ɗaga Baba daga ƙasa. Ya farka yana son fitsari, ya lalubi gwangwani bai ji shi ba, ya yi ta miƙa hannu har ya zamo daga gado. Goshinsa ya fashe, zanensa ya jiƙe. Ba wanda ya san tsawon lokacin da ya yi a nan.

Inna tana ta cewa, "Malam, ka yafe mini. Na ji shiru, na ce barci kake." Kanta take zargi.

Na fito da gwangwanin daga aljihu. Ta dube shi, ta dube ni. Na so ta mare ni, ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Bakin ubanka ka sa a aljihu ka fita yawo?" Ta ɗauki zanen ta fita.

Kawu ya mayar da wayoyin, ya kunna, ya bar mu. Baba ya ɗora hannu a kan buton. Ya murɗa har ƙarshe, ɗakin ya ɗauka, ƙofa na karkarwa, idonsa a kaina. Tun da ya kwanta ban ji ya yi mini tsawa ba sai ranar. Na durƙusa. Can sai ya murɗa baya, a hankali, har shiru.

Na san ma'anar wannan. Na faɗa masa komai, da fada, da sauro, da zancen mayar da kifi. Na ce, "Baba, na tuba." Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ja gefe. Ban sani ba ko dariya ce. Ya bar shirun ya daɗe, hannunsa ya bar gwangwanin ya sauka a kaina. Sannan ya ɗaga rediyon kaɗan.

Daga baya kawu ya bayyana mini cewa akwatin ba ya ƙara komai. Abin da rediyo ya aiko shi yake tarewa, ya saki gwargwadon yadda aka murɗa. Ƙarfin na ampili ne. Na gane, amma abin da ya fi zauna mini shi ne yadda nake jin shiru yanzu. Ni mai surutu ne, malamanmu shaida ne. Amma in ɗakin da ke da mutum ya yi tsit, ba na cewa lafiya ce. Tashi nake in leƙa.

Baba bai sake magana ba. Ya rasu da kaka ta shekarar da ta biyo baya, ana cikin yankan hatsi. Ampilin an sayar. Gwangwanin yana cikin kwabar Inna, kawu ya nema zai sa wa wani, ta hana.