Gwangwanin Rezin da Na Zo da Shi Tawa

Shekarun baya, ranar da na dawo gida daga bida, wato ci-rani, na sauka a tashar Tawa da wani kaya da ya sa 'yan dako suka bar aikinsu suna kallona. Dogon abu ne, ya fi ni tsawo, a naɗe da kwali da igiya, amma ba shi da nauyin kirki. Wani ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce ƙyauren ɗakin marowaci ne. Wani ya ce a'a, makarar Turawa ce. Na taya su dariya, don ban san ta inda zan kamo bayani ba.

Bari in koma baya kaɗan. Kamar sauran samarin Adar, ni ma na tafi Kwaddebuwa bayan girbi, da niyyar in yi 'yan watanni in dawo kafin shuka. Sai da na shekara shida. 'Yan garinmu suna can cikin Abijan, wasu na talla, wasu na gasa nama, ni kuwa rabo ya ja ni wani ƙauye a bakin teku, inda na samu gadi a shagon wani dattijo mai ƙera allunan hawa igiyar ruwa. Ga wanda bai taɓa gani ba, allo ne dogo mai tsini. Mutum ya tsaya a kansa, igiyar teku ta ɗauko shi ta kawo shi gaɓa. Wasa ne kawai. Ba a kamun kifi da shi, ba a tsallakar da kowa.

Cikin allon wani farin soso ne mai tauri, wanda ko da farce kana iya huda shi. Ƙarfinsa duka yana cikin rigar da ake sa masa. Ana shimfiɗa masa yadin zaren gilashi, fari, mai laushi kamar alharini, sannan a zuba rezin, wani ruwa mai yauƙi kamar zuma, mai warin da ke hawa kai. Kafin a zuba sai an ɗiga masa maganin daskarewa, kuma da zarar ɗigon ya shiga, babu sauran tsayawa. 'Yan mintoci gare ka ka ja rezin da ɗan faifan roba, daga tsakiya zuwa baki, har yadin ya ƙoshi ya ɓace wa ido. In ka bar kumfar iska ko ɗaya, ta nan ruwa zai shiga. In ka yi nawa, rezin ya sandare maka a hannu.

Maigidana ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina na ɗan aji uku ne. Da hannu ya koya mini. Shekara biyu ina gurza alluna da takarda mai yashi, jikina na ƙaiƙayi kamar na kwana cikin ƙaiƙayin hatsi, kafin ya yarda ya miƙo mini faifan. Mukan wuni ba mu yi magana goma ba. In aiki ya yi kyau, sai ya shafa allon da tafin hannu ya gyaɗa kai, shi ke nan. Kuma in faɗa muku gaskiya, duk shekarun nan ban taɓa shiga teku ya wuce gwiwata ba. Na yi wa alluna da yawa riga, ban hau ko ɗaya ba. Ɗan tudu ne ni, ban iya iyo ba.

Da labarin rasuwar mahaifina ya iske ni, na san zaman ya ƙare, don ni kaɗai ne namiji a ɗakin mahaifiyata. Ranar tafiya maigidana ya ɗauko wani allo da ya sassaƙa da hannunsa, ba a sa masa riga ba tukuna. Ya haɗa mini da naɗin yadi, da gwangwani ɗaya na rezin, da 'yar kwalbar maganin. Ya ce in gama shi a gida, in tuna da shi. Shi ne kayan da aka yi wa dariya a tasha.

Na ɗauka kaɗaici na baro shi a bakin teku. Ashe a gida yake jirana.

Sa'o'ina sun dawo da abin da ake gani da ido. Wani moto, wato babur, wani ya rufa ɗaki da kwano, wani ya buɗe shagon ɗinki. Ni na dawo da sana'ar da ba ta da kasuwa sai an yi tafiyar kwana uku. Sau ɗaya na gwada yin bayani a fada, majalisar hirarmu ta samari, ana cikin shan shayi. Ina tsakiyar nuna yadda ake naɗe yadi a gefen allo sai wani ya ce, to, a rairayin Afala za a hau shi? Aka fashe da dariya, aka laƙaba mini Mai Teku. Ba mugunta suka yi ba, ni ma da zan yi wa wani. Amma daga ranar ban sake ɗauko zancen ba, sannu a hankali kuma na rage zuwa.

Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini dariya ba, sai dai ita ma ba ta tambaya. Ta ce in rataye abin a sama kada kaji su tsattsage shi. Na kafa turaku biyu a bangon ɗakina na ɗora shi. Kowace Juma'a sai in ce mako mai zuwa zan yi masa riga, in buɗe gwangwanin in shaƙi warin, in mayar in rufe. Sai daga baya na gane dalilin jinkirin. In na gama allon nan, babu wani aiki da ya rage mini a duniya da na iya fiye da kowa a garin.

Ana cikin haka, cikin bazara, ana jiran ruwan shuka, wani abokina ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidanmu da wani tsoho a bayan moto. Kawunsa ne, daga wani ƙauye wajen Barmu. Shekaru da yawa da suka wuce kamiyo, babbar motar kaya, ya faɗi da su a hanyar kasuwa, aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa, aka yi masa ta roba a Yamai. Da ita yake noma, da ita yake zuwa masallaci. Yanzu ƙoƙon da dungulmin ke shiga ya tsage daga baki zuwa ƙasa, in ya taka sai tsagar ta buɗe ta cije masa fata. Ya ɗaure da waya, ya ɗaure da robar taya, duk a banza. Wata biyu yana zaune. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna bida, ɗiya ɗaya ce tare da shi, kuma tafiya Yamai neman sabuwa ba abin da zai iya ba ne kafin damina.

Abokina ya ce shi dai ya tuna na ce ina liƙa abubuwa.

Tsohon ya kwance ƙafar ya miƙo mini kamar mai miƙa jariri. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, na kankare gefen tsagar da wuƙa. Ga zare nan a ciki, ga rezin. Irin aikinmu ne sak, wani ne can ya yi shi da hannunsa kamar yadda nake yi.

"Ɗana, tana gyaruwa?"

"Baba, ban taɓa gyara ƙafa ba. Amma abin da aka yi ta da shi, na san shi."

"To, wanda ya san ƙasa ai ya san tukunya. Gwada."

Na shiga ɗaki na tsaya ina kallon gwangwanin. Rezin ɗin da ƙyar zai ishi allon, in na ɗiba ko kaɗan ba zai kai ba, kuma a lokacin ban san inda ake samun wani a duk faɗin Adar ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take zuciyata ta ba da shi ba. Na daɗe a tsaye. Muryar mahaifiyata na ji a tsakar gida tana ba baƙon hura, tana tambayarsa ko an fara ganin hadari wajensu, shi kuma yana cewa ko an gani shi bai da ƙafar tarbarsa. Na ɗauko gwangwanin na fito.

Sai kuma na yi abin kunya. Don ɗokin in nuna gwaninta, da azahar tsaka na fara aikin, na ɗiga magani daidai yadda muke yi a bakin teku. Na manta zafin Tawa ba wasa yake ba. Ban gama jiƙa falle na farko ba rezin ya kama a cikin kofi, ya yi zafi har yana hayaƙi, burushin ya tsaya cak a ciki kamar an dasa shi. Abokina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni da na shekara huɗu da faifai a hannu, na zubar da kashi ɗaya cikin uku na dukiyata a gaban baƙo.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi kofin ya jujjuya shi, ya tambaye ni mi ya sa ya yi haka. Na ce zafi ne ke gaggauta shi. Ya ce ashe kamar nono ne, da bazara kafin ka juya ya yi tsami. Ya ce to mu bari sai da safe, shi ba inda za shi.

A zaurenmu ya kwana. Bayan sallar asuba na sa gwangwanin cikin ruwan randa ya yi sanyi. Na huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, na gurza bayan ƙoƙon har ya yi kaushi, na yanka yadi falle huɗu, kowane ya fi na ƙasansa faɗi. Maganin kuwa rabin na jiya na ɗiga. Tsohon ya matso da tabarmarsa har gwiwarsa na taɓa tawa.

Tambayoyi ya yi ta yi. Don mi nake ja daga tsakiya? Na ce don in kori iska. Don mi na karkata falle na biyu? Na ce don zaren ya gitta na farko, ya riƙe ta kowane gefe. Ya ce haka suke saƙa zana. Da yadin ya sha rezin ya ɓace, sai ya kama baki, ya ce in sake wani fallen a hankali ya gani da kyau. Na sake. Hannuna ya tuna komai, ban ko yi tunani ba. Ina ja, ina magana, cikin Hausa, a kan aikin da na koya da bakin bebe. Wannan ne karo na farko da na faɗi sana'ata da harshen uwata, har ina laluben kalmomi, shi kuma yana taya ni da na noma da na kiwo.

Kwana uku muka bar ƙafar ta bushe a inuwa har warin ya fita, na goge bakin ya yi sumul don kada ya ji masa ciwo. Rana ta huɗu ya naɗa wa dungulmin tsumma, ya zura shi cikin ƙoƙon, ya miƙe. Ya taka sau ɗaya a hankali. Ya sake takawa da ƙarfi. Sai ya bi tsakar gida har bakin garka ya dawo, ya zo ya dafa kaina.

"Allah shi yi ma albarka. Wanda ya koya maka, shi ma Allah shi saka mai."

Abokina ya ɗauke shi suka tafi. Na tsaya a ƙofa har ƙarar moto ta ɓace, na koma zaure na naɗe tabarmar da ya kwana a kai. Gidan ya yi mini shiru fiye da da.

Ban sake ganinsa ba. Na ji dai ya yi shuka a shekarar, kuma damina uku ya ƙara nomawa da ƙafar kafin Allah ya karɓi abinsa. Allon kuwa bai samu riga ba. Ragowar rezin ta daskare a gwangwani kafin kaka, soson ya yi ja, ya fara marmashewa, daga ƙarshe na yayyanka shi mahaifiyata ta toshe tagogi da shi. Na nemi maigidana in ba shi haƙuri, in kuma gaya masa inda kyautarsa ta tafi, lambar wayarsa ba ta shiga. Har yau ban san ko yana raye ba.

Yanzu ina da ɗan shago, ina liƙa tankunan ruwa da robobin moto, kayan aiki kuma ana kawo mini daga Kwanni. Alhamdulillahi, ana ci ana sha. Masu kawo aiki sukan ajiye su ce yaushe za su dawo, ba wanda ke zama, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da na koya shi ne, kaɗaici ba rashin mutane ba ne. A bakin teku ba ni da mai jin harshena, a gida ba ni da mai jin aikina, kuma na biyun ya fi ciwo. Mutum ɗaya ne ya taɓa haɗa mini su biyun, na safiya ɗaya. Shi ya sa in na iske wani yana aikinsa shi kaɗai, maƙeri ne ko mai gyaran takalmi, nakan ɗan tsuguna in ce masa, don mi kake yin haka? Ku gwada wata rana. Da farko zai dube ku da shakka, yana zaton ba'a ce. In ya ga da gaske kuke, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya gyara zama.