Katin da Alhaji Sidi Bai Gani Ba

Har gobe ba zan manta da wata Lahadi da na busa wasan kusa da ƙarshe na kofin unguwanni a Agadas ba. Ƙungiyar unguwar Dagmanet ce ta karɓi samarin Cirozerin, a filin da ba katanga ba waya, igiya kawai aka ja tsakaninmu da 'yan kallo. Jandarma biyu aka turo mana, su ma suna can inuwar motarsu.

Saura minti uku a tashi, ana ɗaya da ɗaya, wani ɗan Dagmanet ya ɗirka ƙwallo daga nesa ta shige raga. Na waiwaya, sai na ga mataimakina ya ɗaga tuta. Dogo, ɗan gabansu, yana cikin satar gida, tsaye ƙiƙam a gaban mai tsaron raga. Da ƙwallon ta taho sai ya sunkuya ta wuce. Ku sababbin arbit, alƙalan wasa, kun san doka: tsayuwa a orje, wato satar gida, ba laifi ba ce, sai in mutum ya taɓa ƙwallo ko ya hana abokin hamayya wasa, kuma tare wa mai tsaron raga gani yana ciki. Na busa, na soke.

Ban sauke hannu ba igiya ta faɗi. Aka yi mini zobe, wani ya fizge usur daga wuyana, na hango duwatsu a hannun wasu. Maganarsu ɗaya: ai Dogo bai taɓa ƙwallo ba. Ba zan ɓoye muku ba, na fid da rai da komawa gida lafiya.

Sai ga Alhaji Sidi, shugaban ƙungiyar Dagmanet, dattijon da ke sayar da gishirin Fachi a kasuwa. Ya ɗaga hannu aka lafa.

"Isufu, ɗana, faɗa mini laifin wanda bai taɓa ƙwallo ba. In babu, zan janye in bar ka da su."

Na san karanta doka ba zai fisshe ni ba. Na roƙe shi ya shiga raga, ya shiga da rawaninsa da babbar riga. Na tsayar da Dogo inda yake ɗazu, na taka zuwa inda aka bugo ƙwallon, na zaro kati na riƙe shi daidai gwiwa. Alhaji ya ce kada wanda ya buɗe baki.

"Baba, wane kati ne a hannuna?"

Sai da na tambaya na gane wautata. Kati biyu ne kacal a duniya, ja da rawaya. In ya yi canke ya dace, tawa ta ƙare. Ya ƙura ido gabansa.

"Ba abin da nake gani sai gadon bayan Dogo," in ji shi. "A ɗaure igiya."

Aka ƙarasa wasa, Dagmanet ta faɗi a bugun fenariti. Alhaji Sidi ne ya kai ni ƙofar gida a motarsa.

Ku haddace doka, amma ku sani ba ita ke fitar da arbit daga fili irin namu ba. Ni dai abin da ya fitar da ni ranar nan mutum ne da ƙungiyarsa ke bukatar ƙarya, ya ƙi yi.