Ranar da na roƙi Allah a yi mini dariya

Shekarun baya, lokacin da noman gonar nesa ya gagare mu, kwanon masara kuma ya fi ƙarfin talaka, ina zaune a ƙauyenmu bayan Runka da ƙaton ɗa a gida. Ɗana ne na fari, ya haura talatin, ba mata, ba sana'a. Na kai shi gyaran babur ya gudo. Na kai shi ɗinki, ya ɗinke wuyan rigar mutane. Abin da ya iya kawai shi ne riƙe waya yana ɗaukar abokansa suna shirme, wai fim suke yi. Ni kuwa kun san bakina. Unguwa duk ta haddace zagin da nake tashinsa da shi.

Wata rana da hantsi na dawo daga makarantar yaƙi da jahilci, wadda na shiga da furfurata. Ko mayafi ban cire ba maƙwabciyata ta faɗo gidan ba sallama.

"Ki fito! 'Yan sa-kai sun kama yaronki. Sun ce infoma ne."

Wanda bai zauna yankinmu ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Duk wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga labarin gari, ba kotu ake kai shi ba. Bayan gari ake yi da shi, kuma ba a cika dawowa da shi ba.

Ban san yadda na isa gindin tsamiyar bakin kasuwa ba. Na tarar da shi durƙushe, hannu ɗaure ta baya, leɓe a fashe. Shugabansu, wani magidanci da 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a gona, shi ke riƙe da wayar.

"Inna, koma gida," in ji shi. "An gan shi yana ɗaukar hoton garken shanu, da rumbunan mutane, da hanyar da ta shigo daga daji. Me mutum zai yi da hoton shanun wani?"

Na ce, "Ɗan nan, ni na haifi wannan. Ko gishiri na aike shi sai ya mance abin da ya fito saye. Wane ɗan bindiga ne zai ɗauke shi aiki? Buɗe wayar a gaban kowa. In kun ga abin kisa, ni zan riƙe muku igiyar."

Da ƙarfi na faɗa. Amma ban taɓa kallon abin da yake ɗauka ba. Ban san me ke ciki ba.

Aka kunna, maza suka yi cincirindo. Ga hanyar daji. Ga rumbuna. Ga shanu, ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Na ji wani a bayana ya gyara riƙon bindiga.

Sai ga wani abokinsa mai gemu ya faɗo cikin hoton, ɗaure da zanena na atamfa, da muciya a hannu, ya biyo ɗana a guje tsakanin shanun. "Tsaya, buhun barci! Jakin maƙwabta ma ya fi ka sanin gari ya waye!" Muryata ce. Tafiyata ce. Har yadda nake bin baƙi da yatsa ina haɗa karatu, sai da ya kwaikwaya.

Ba wanda ya yi dariya. Ni da ba a taɓa tsokanata na ƙyale ba, ga ni tsaye ina cewa a zuci: Ya Allah, ka sa abin nan ya ba su dariya. Ka sa su yi mini dariya.

Wani saurayi mai adda ne ya fara kasa daurewa. "Wallahi Inna ce sak!" Sai wuri ya ɓarke.

Shugaban bai ko murmusa ba, kallo yake. Aka zo inda uwar fim ta dama koko. Ta zuba wa ɗan mai kaurin, ta ƙara wa nata ruwa, ta juya baya tana sha tana zaginsa. Ɗan yana leƙenta ta kafar zana. Ashe yana ganina duk safiya.

Can shugaban ya sauke wayar. "Tawa uwar ma haka take yi," in ji shi. "Ku kwance shi. Kai kuma, wayarka ta sake kallon saniyar wani, ko Inna ba za ta cece ka ba."

A hanya, da leɓensa a kumbure, sai cewa ya yi, "Inna, yaya kika ga fim ɗin?"

"Rufe mini baki. Wa ya ba wancan ƙaton zanena?"

Muna shiga zaure na zube.

Yanzu muna Batsari. Har gobe fim yake yi, har gobe bai yi aure ba, ni ma ban daina zagin ba. Sai dai yanzu duk abin da ya ɗauka sai na gani kafin kowa.

Mutane kan ce jarumtata ce ta cece shi. Ba ita ba ce. Da aka miƙo masa wayar a gindin tsamiyar nan, kafin ya sa ta aljihu ta mutu, caji ya ƙare. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina. Da a kan shanun nan ta mutu fa?