Cliff ne ya cika kasuwa da fure, ba ɗan majalisa ba

Ɗan majalisarmu, ka ci gumin wani, kuma ni Doreen mai fure a gabana ka yi. Ka zo rumfata ka soka fure a ƙirjin kwat, ka washe baki aka ɗauke ka hoto, ka ce wa 'yan jarida wai manufar jam'iyyarku ce ta cika kasuwa da furen gida. Ƙarya kake! Cliff Ainsworth ne ya cika ta.

Tun gashina yana baƙi Cliff ke kawo mana kaya. Kafin mai shara ya iso, farar motarsa ta riga ta tsaya a bakin kasuwa, yana sauke bokitai yana fito.

"Doreen, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Sai na ga bayanka, tsohon banza."

Gaisuwarmu ke nan, kullum.

Bana aka shiga satin Lahadin Iyaye Mata, ranar da kowa ke saya wa uwarsa fure, satin da ke riƙe mai fure har shekara ta zagayo. Tun da ƙasar nan ta fice daga Tarayyar Turai, furannin da muke sarowa daga Holland sai sun sha bincike a tashar jirgin ruwa. Nawa suka maƙale a can har suka yi laushi kamar dafaffen kabeji. Na zauna gaban rumfa wayam, na ce shi ke nan, zan mayar da mabuɗi in koma gida.

Cliff ya ce, "Share hancinki. Akwai wani manomi a Lincolnshire, furen dafodil ya cika masa gona, ba masu tsinka, ma'aikatan waje ba su samu biza ba. Nemo takalmin roba."

Ya aro motar cocinsu, ya kwashe ni da Parveen mai yadi da Trevor mahauci. Muna sauka muka ga gona ruwan ɗorawa har ƙarshen gani, muka afka wa waɗanda suka buɗe, muna ta cika hannu. Cliff ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya buɗe ai gobe gawa ne! Mai rufaffen baki ake tsinka, kore, kamar fensir."

"To ni a bokiti na san shi, ba a ƙasa ba!"

Trevor ya zame ya zauna daɓas a taɓo. Parveen ta ce, "Ku bar shi a nan, ƙila ya tsiro." Ruwan furen ya sa mana ƙaiƙayi a hannu, bayana ya ƙage, amma rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Da muka dawo, Cliff ya lallashi mai gidan burodi aka jera bokitan kusa da ɗumin tanda. Safiyar Asabar duk suka buɗe. Layin masu saye ya kai tashar bas.

Kai ne, Cliff, jakin kasuwa da ba ya ƙorafi. Kai ne ka hana ni rufe rumfar da uwata ta bar mini. Yanzu gwiwa ta ƙi, ƙarshen wata za ka ajiye mabuɗin mota. Na gode, tsohon banza. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma sauran direbobi, in kun ga maƙwabci ya zauna ya zuba tagumi, ku aro mota.

Ranar sallamarsa za mu haɗa shayi da kek a gaban rumfata. Ɗan majalisa, ka zo, kuma ka taho da mai hoton nan naka. Ka tsaya gaban Cliff ka faɗi wanda ya kawo furen da ka soka a ƙirji. Sannan ka juyo ka faɗa mini dalilin da nawa suka ruɓe a tasha, na manomi kuma suna ruɓewa a gona. Na ajiye maka takalmin roba. Ba za ka bar kasuwar nan ba sai ka ba ni amsa.