Takardar da Ban Mayar Ba

Makon jiya aka kawo mini kwalin littattafan Kawu. Watansa uku da rasuwa, ashe ya bar wasiyya ni za a ba, wai ni kaɗai ce a dangi ban taɓa yi masa dariya a kansu ba. Ina yanke igiyar sai warin ya buge ni, warin takardar da ta sha damina, haɗe da ɗan ƙaurin turaren tsinke. Na saki igiyar. Na zauna a kan tabarma a nan Kano, amma a raina ina hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ina 'yar shekara goma sha biyu.

Shekarar da China ta yi gasar Olamfik ce. Umma tana fataucin takalma, ta tafi da ni Guangzhou a dogon hutu, muka sauka wurin yayanta, wato Kawu, mai aikin kago, shi yake aika wa 'yan kasuwa kayansu gida. A Beijing ake gasar, amma mu zafinta ya dafa. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa 'yan sanda, a ƙofar kasuwa 'yan sanda, duk baƙin mutum sai an ce ina fasfo. Masu gidaje suna ta sallamar baƙaƙen 'yan haya don gudun rigima. Kawu kuwa takardar zamansa ƙarshen watan za ta ƙare, kuma ba za a sabunta ba sai mai gida ta raka shi ofishin 'yan sanda ta shaida a gidanta yake. Mai gidan wata 'yar tsohuwa ce a hawan ƙasa, kowa Apo yake ce mata, ma'ana kaka. Zaman Kawu a garin gaba ɗaya a tafin hannunta yake.

Kawu mutum ne mai kamewa, ba ya taba, ba ya yawo. Abu ɗaya ya kama shi: tsofaffin littattafan ban tsoro na Turanci, ƙanana masu laushin bango, waɗanda takardarsu ta koma ruwan shayi. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya ja ni mu ratsa lungunan bayan tashar jirgin ƙasa, inda masu gwanjo suke zube tsoffin littattafai a ƙasa suna sayarwa a sikeli kamar doya. Sun san shi. Daga nesa wani zai ɗaga hannu ya ce "meyo", wato yau babu, Kawu ya yi dariya ya tsuguna duk da haka, ya yi ta tono har ya zaƙulo ɗaya. Bangon kaɗai ya isa ya hana ka cin abinci: hannu yana fitowa daga ƙasa, ko yarinya mai idanu farare fat. Sai ya shinshina shi, sannan ya buɗe shafin ƙarshe ya tabbatar yana nan. Idan an yage, ko kyauta ne ba ya karɓa. Cewa yake labarin tsoro in ba ka ga ƙarshensa ba, ba ya sakinka.

"Yaya, mutane suna zuwa China sayen sabo, kai ka zo tsintar bola," in ji Umma.

"Ke dai ji da takalmanki masu tsinkewa a wata uku. Wannan ya kusa sa'anki, har yanzu yana aiki."

Da rana suna fita kasuwa, ni ana kulle ni a gida saboda kame. Zafi kamar a cikin tukunya, bango yana gumi, tufafi ba sa bushewa. A haka na fara satar karatun littattafan da ɗan Turancina na aji ɗaya. Rabi nake ganewa, sauran rabin zuciyata ta ƙarasa, kuma nata ya fi muni.

A watan ne na lura unguwar ta canza. Kullum gab da magariba tsofaffi sukan jera lemo da shinkafa a bakin hanya, su kunna turaren tsinke, su yi ta ƙona takardu a cikin bokitin ƙarfe. Ban tambaya ba. Wata ranar da la'asar Umma ta ce in sauke shara, sai na ga takardu biyu a kan matakalar ƙasa, iska ta kwaso su daga ƙofar Apo. Ruwan ɗorawa ne, masu kaushi, da zane mai kusurwa huɗu a tsakiya da jan rubutu kewaye, sak hatimin malamai.

To ni a hannun Kakata na taso, ita kuwa dokarta rubutu ba ya kwana a ƙasa, don ba ka san wanda sunan Allah yake ciki ba. Ko jaridar da aka naɗe ƙosai ta gani sai ta ɗaga ta soke a tsagin katanga. Ban yi tunani ba ma, hannuna ne ya yi aikinsa. Na kakkaɓe su na hau da su. Ɗaya na sa a littafin da nake karantawa, wanda Kawu ya fi ji da shi, ɗayar na cusa a tsakiyar wani mai hoton rijiya.

Washegari muna cin abinci na tambayi Kawu me suke ƙonawa. Ya ce a wurinsu wannan watan matattu ne, ana buɗe musu ƙofa su zo ziyara, takardun kuma guzuri ne, sai an ƙona yake isa. Ya ce Apo ɗanta ɗaya tilo da ya rasu take aika wa. Ya ƙara da cewa, yana tauna, "Kada ki kuskura ki taɓa. Su a ganinsu wanda ya ɗauka, mai kayan yana biyo shi."

Na tsame hannuna daga kwanon. Na san mu ba mu yarda da wannan ba, na san wanda ya tafi ya tafi. Amma kwana uku ina jin takun mutum a matakala yana tsayawa daidai ƙofarmu. Na yi Ayatul Kursiyyu har bakina ya bushe. Zazzaɓi ya rufe ni, Umma ta ce sauyin ruwa ne.

Rana ta huɗu da hantsi aka buga ƙofa, bugu uku a hankali. Umma ta rarumi jakar fasfo. Kawu ya buɗe, sai ga Apo, ita da ba ta taɓa hawowa ba, tana haki, ta dafa bango. Ba ta dubi kowa ba sai ni. Wata maƙwabciya ce ta gan ni. Ta yi magana a hankali, na ga fuskar Kawu tana sauyawa.

"Ɗiyata, kin ɗauki wani abu a ƙasa?"

Na fashe da kuka, na ɗauko littafin farko, na ce dokar Kakata na bi. Kawu ya fassara mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗaga yatsu tana tambaya, ɗaya ko biyu. Na dubi Umma da jakar fasfo a ƙirji. Na ga kamar in na ce biyu laifin zai ninka, a watso mana kaya waje. Na ce ɗaya. Kawu ya dafa kaina, ya faɗa mata da Sinanci, ya maimaita da Hausa: "Yarinyar nan ba ta ƙarya."

Apo ta ce takardar ta kwana a cikin littafin, don haka littafin ma ya zama na ɗanta. Shekara biyu Kawu ya yi yana neman wannan littafi. Ya juya shi a hannu, ya ce shi ba zai ƙona wa mamaci komai ba, addininsa bai ba shi ba, amma kyauta ga maƙwabciya halal ce. Ya miƙa mata da hannu biyu. Da yamma na leƙa ta taga na ga bangon yana nannaɗewa a cikin bokitin. Ranar Litinin ta sa rigarta mai kyau ta raka shi ofishin 'yan sanda.

Yanzu Umma ta ce an rushe benen, masu gwanjon ma an tashe su, Apo kuwa da wuya in tana raye. Ƙannena a waya suke kallon abin tsoronsu, suna dariya. Ni kuwa da na samu ƙarfin hali na tono mai hoton rijiya daga kwalin, na buɗe tsakiya, babu komai. Har na yi hamdala. Sai na duba baya yadda Kawu yake yi. Tana nan a shafin ƙarshe, an miƙe ta sumul. Ba nan na sa ta ba. Kawu ya gani ke nan, ban san yaushe ba, kuma bai taɓa ce mini uffan ba.

Tana kan durowata yanzu, na danne ta da faranti. In na yar, Kakata ta hana. In na ƙona, na aika ke nan. Wadda zan mayar wa ba ta nan, wanda zan ba haƙuri shi ma ba ya nan. Gidanmu ba bene ba ne, amma tun makon jiya duk wanda ya buga mana ƙofa sai na ƙirga bugun kafin in amsa.