Gado Mai Silima da Muryar Bube

Tun rana ba ta ɗaga ba Gado yake ɗaura wa jakinsa amalanke. Ya ɗora tsohuwar tele da ya naɗe cikin bargo, ya ɗora ɗan gurup, injin da ke ba ta wuta, da jarkar isansi, wato fetur, sannan zanaku da buhunhunan da ya ɗinke wuri guda. Kafin ya tashi sai ya kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri, ya yi ta gyaran murya har kajin maƙwabta su watse. Daga Tasawa yake fita, yau kasuwar Kona, wani mako Urafane, in jakin na da ƙarfi har Kanan-Bakashe. Haka ya yi ta yi tun yana da baƙin gashi har kansa ya yi fari fat.

A bayan kasuwa yake kafa rumfarsa, ya bi ya toshe duk wata kafa, har ciki ya yi duhu kamar cikin rumbu, alhali a waje rana na ƙona tafin ƙafa. Sauran masu silima na nuna rawar Indiya da dambe. Shi Gado 'yan tsofaffin finafinan Ingila gare shi, waɗanda wani direban babbar mota ya bar masa, irin masu sa mutum dariya a kan abin da ya kamata ya yi wa kuka. Ingilishi kuwa ba ya jin ko zo in kashe ka. Saboda haka sai ya kashe sautin gaba ɗaya, ya tsaya gefen tele, ya zama shi ne bakin kowa.

Wanda aka fi nema shi ne na wata ma'aikata mai bene. Wani tsoho mai tsohuwar riga ya zo da buƙatarsa, aka nuna masa benci, ya zauna da hula a kan gwiwa, har rai ya yi halinsa yana nan zaune. Manya suna sama suna cin abinci da cokali mai yatsu, ƙanana suna ƙasa suna faɗa da masu shara a kan ko aikin wa ne ɗaga gawa. Ba wanda ya ɗaga. Ana share ƙarƙashin ƙafarsa, wata ma har shayi ta ajiye masa.

Na sama, Gado kan ba su muryar irin ma'aikatan nan namu da ba sa ɗago kai su dube ka, sai dai ka ji, “Revenez demain, baba,” wato a dawo gobe. Mutane su yi ta faɗuwa da dariya. Wani mai muƙami ya taɓa aiko masa cewa ya iya bakinsa. Gado ya ce a gaya wa mai girma ai Turawa ne, ƙasarsu ma sai an ƙetare teku. Ba a sake aikowa ba.

Amma tsohon benci shi ne abin da ke tayar da tsikar jiki. A cikin fim ɗin, bayan ya mutu ba ya magana. A bakin Gado yana yi, kuma da muryar wani namu da ya mutu yana jira a ƙofar wani ofis ko wani gidan likita. Gado na da kunne irin wanda in ya ji murya sau ɗaya ta zauna masa. Danda mai shayi, wanda ya daɗe yana kafa teburinsa kusa da rumfar, ya ce ranar da aka fara wannan a Kona wata mata ta fita a guje ta bar takalmanta, don ta ji yayanta da aka binne bara yana tambayar ko layi ya zo kansa. Mutane kan yi dariya, su kuma waiwaya bayansu cikin duhu. Mako na zagayowa sai ka ga sun dawo.

Wata ranar kasuwar Urafane, Gado na ɗaure zana, sai ga wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta ta tsaya nesa kaɗan. Halimatu ce, matar marigayi Bube. Gado ya san Bube sarai, makiyayi ne mai yawan ba'a wanda in ya sayar da sa yakan shigo ya tsuguna can baya yana mayar wa mutanen cikin tele magana. Bube ya rasu a kan bencin wani gidan likita da ba zan faɗi garinsa ba. Mai mabuɗin ɗakin magani ya tafi taro, mai duba marasa lafiya yana kiran masu takalmi da Faransanci tukuna, mai gadi kuma ya tsare Halimatu a bakin ƙofa ya ce mai ciwo kaɗai ke shiga.

“Malam Gado,” ta ce, idonta na ƙasa, “an ce kana da muryar uban yarana.”

“Ina da mai kama da ita dai, Halimatu.”

“Da sahen ranar da ya rasu mun yi hwaɗa bisa wata karsana. Har muka iso gidan likita ban ce mashi komi ba, shi ma bai ce mani ba. Aka hito mani da shi cikin tabarma. Tun ran nan ban yi kwana mai daɗi ba. So nike ka ce mani da bakinshi ya yahe mani. Sau guda ɗai.”

Gado ya daɗe riƙe da igiya bai ɗaure ba. Abin da ta roƙa bai fi ƙarfinsa ba, maganar ma tuni ta hau masa harshe da muryar Bube, da ɗan shaƙewar nan tasa. Tausayinta ya kama shi.

“Muryar tashi ina da ita,” ya ce. “Zuciyar tashi ba a ba ni ba. In na hwaɗi maki haka, ni ne na yahe maki, ba shi ba, kuma kahin ki kai ruga ke da kanki za ki gane. Shigo dai ki zamna.”

Ta shiga ta rakuɓe wajen mata. Gurup ya kama, tele ta yi haske, tsoho ya zo ya zauna ya mutu. Mai shara ya iso gabansa da tsintsiya. Sai aka ji Bube, Bube sak, daga bakin Gado cikin duhu: “Share da kyau, ɗan samari, ba ni tashi. An ce in an gama da masu takalmi za a tuna da mai sanda.” Rumfa ta ɗauki dariya. “Ni ba ni da gaugawa. Amma wa ya kai shanu rijiya yau? Kada a bar jar saniyar nan ta sha gaba, ba ta da kunya.” Duk maganganun da ya saba yi ne yana da rai, ba a ƙara masa ko ɗaya ba.

Halimatu ta miƙe tsaye. Dariya ta mutu. Bafulatana ba ta kiran sunan mijinta, kuma ko a ranar ba ta kira ba. Ta dubi gawar Baturen da ke zaune da hula a gwiwa, ta ce, “Kai. Ga ni, yau an bar ni na shigo. Ka yahe mani. Ni na yahe maka.”

Gado ya rufe bakinsa gam. Ba abin da ake ji sai gurnanin gurup a waje. Can sai wani ya yi gyaran murya daga baya, wajen da babu kowa sai zana, irin gyaran muryar da Bube kan yi in ya yarda da ciniki. Danda yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Gado a lokacin, kuma har gobe yana rantsuwa cewa leɓen Gado bai motsa ba. Ni dai na tambayi Gado, ya ce Allah ne masani, ya shiga wata magana.

Yanzu muryar ta tafi. Tun daminar bara maƙogwaron ya ƙi, sai raɗa yake yi a ƙofar gidansa, tele na cikin ɗaki a lulluɓe. Ba wanda ya ba shi lambar yabo, kuma na san ba za a ba shi ba, don waɗanda ke rabon lambobin su ne na saman bene.

Gado, mai aron murya, kai ne ka sa talaka ya yi dariyar bencin da ke cinye shi, ya fita da kansa a sama. Kai ne ka ba waɗanda suka mutu shiru damar yin ƙorafi a gaban jama'a. Kuma kai ne ka iya muryar mamaci, aka roƙe ka da hawaye a zuci, ka ƙi yi masa ƙarya. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu baiwar baki, 'yan wasa da masu rediyo da masu magana a waya, ku je ku gaishe shi tun yana nan, ku koyi inda ake sakin harshe da inda ake kama shi.

Halimatu har yanzu tana kawo nono Urafane. Wata rana Danda ya kasa haƙuri ya tambaye ta ko ta samu abin da ta zo nema. Ta gyara faifan da ke kan ƙwaryarta, ta ce, “Bai ce komi ba. Amma wannan karon ya saurare ni, kuma ina kwana.”